Nazari a Kan Yadda Jikin Ɗan Adam Ke Tsotsar Ma'adinan Ciyawar Teku

1.0 Gabatarwa

Ciyawar teku tana cikin abubuwan da ake yi wa kirari a wannan zamani da cewa babu tsiron da ya kai su yawan ma'adinai. Ana sayar da ita busasshiya, ana niƙa ta gari, ana kuma ɗura ta cikin ƙwayoyin magani, sa'an nan a jera a jikin kwalba sunayen sinadaran da ta ƙunsa, watau aidin da ƙarfe da kalsiyam da sauransu. Sau da yawa wannan jeri gaskiya ne. Amma masu iya magana sun ce, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Abin da ɗakin awo ya samu cikin ganye daban, abin da ya ƙetare bangon hanji ya shiga jini kuma daban.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana tazarar da ke tsakanin waɗannan abubuwa biyu. Za a nuna cewa ma'adinan ciyawar teku ba tafiya ɗaya suke yi cikin jiki ba. Ƙarfe da kalsiyam, waɗanda ake yawan tallarta dominsu, kaɗan ne daga cikinsu ke isa jini. Aidin kuwa yana shiga a sauƙaƙe, har yakan wuce kima ya zama cuta. Galibin misalan daga Jafan da Koriya aka ɗauko su, domin can ne ciyawar teku ta zama abincin yau da kullum tun shekaru aru-aru.

2.0 Ma'anar Ciyawar Teku da Ire-Irenta

Ko da yake ana kiranta ciyawa, wannan halitta ba ciyawa ba ce irin ta tudu. 'Yar'uwar gansakuka ce. Ba ta da saiwa ta gaskiya, ba ta fure, ba ta kuma yin iri. Takan manne wa duwatsun gaɓar teku, ta riƙa zuƙar abin da take bukata daga ruwan da ke kewaye da ita ta ko'ina a jikinta. Wannan ne dalilin da ya sa take tara ma'adinai da yawa. Idan aka busar da ita aka ƙone, tokar da ke saura takan kai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinta a wasu ire-iren, abin da ba a cika samu a ganyayen tudu ba.

Masana sun kasa ta gida uku bisa launi: ja, da ƙasa-ƙasa, da kore. Huɗu daga cikin waɗanda Jafanawa suka fi ci su ne za a yawaita ambata a nan. Akwai nori, wadda ke cikin jajaye, ana shanya ta falle-falle kamar takarda a naɗe shinkafa da ita. Akwai kombu, mai faɗi da kauri, wadda ake tafasawa domin romo. Akwai wakame, wadda ake sakawa a miya, Koriyawa kuma suna kiranta miyok. Sai hijiki, mai kama da baƙaƙen tsinkaye idan ta bushe. Waɗannan ukun na ƙarshe duk masu launin ƙasa-ƙasa ne. A Turai ma mutanen gaɓar Wales da Ailan suna da nasu ire-iren da suka gada.

3.0 Tambayoyi Uku da Ya Kamata a Bambance

Kafin a yi nisa, ya kamata a bambance tambayoyi uku da ake yawan cakuɗawa. Ta farko, nawa ne ma'adinin da ke cikin abincin? Ta biyu, nawa mutum ke ci daga abincin a zama ɗaya? Ta uku, nawa ne daga abin da aka haɗiye hanji ke iya tsotsa?

Jadawalin sinadaran abinci tambaya ta farko kurum yake amsawa, kuma bisa giram 100 yake yin lissafinsa. Giram 100 na tuwo ko na doya 'yan lomomi ne. Giram 100 na busasshiyar nori kuwa ya haura falle 30, tun da nauyin falle ɗaya bai wuce giram 3 ba. Ashe ke nan duk adadin da aka gani a jadawali sai an rage shi ƙwarai kafin ya dace da abin da ke cikin akushi.

Tambaya ta uku ita ce mafi wuya. Ma'adini ba ya shiga jini sai ya rabu da abin da yake manne da shi, ya narke cikin ruwan ciki, sa'an nan ya sami ƙofarsa a bangon ƙaramin hanji. Masu bincike kan auna wannan ta hanyoyi uku: ko su kwaikwayi aikin ciki da hanji a cikin kwalba, ko su ciyar da ɓeraye, ko su ba mutane su ci sa'an nan su auna jininsu da fitsarinsu. Hanya ta ukun ita ce hujjarta ta fi ƙarfi, kuma a kan aidin aka fi yin amfani da ita.

4.0 Aidin

4.1 Tarihi da Amfani

Tarihin aidin ba ya rabuwa da ciyawar teku. A shekarar 1811, zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, wani Bafaranshe mai suna Bernard Courtois yana sarrafa tokar ciyawar teku domin haɗa gishirin albarushi. Da ya zuba mata ruwan asid mai ƙarfi, sai wani tururi mai launin shunayya ya tashi. Wannan tururi shi ne aidin, kuma daga kalmar Girkanci mai nufin wannan launi aka raɗa masa suna. A 1820 wani likita a birnin Janeba, Jean-François Coindet, ya fara ba masu maƙoƙo aidin, ya ga kumburin yana sacewa. Tun ƙarnoni kafin haka masu maganin ƙasar Sin suna ba masu maƙoƙo ciyawar teku, ba tare da sun san sinadarin da ke yin aikin ba.

Aidin da ke jikin baligi gaba ɗaya bai wuce miligiram 15 zuwa 20 ba, kuma mafi yawansa yana cikin wani ƙullutu mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban maƙogwaro, wanda likitoci ke kira tayirod. Da shi wannan ƙullutu ke haɗa sinadaran da ke daidaita ɗumin jiki, da girma, da ginuwar ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade maikirogiram 150 a rana ga baligi, da 250 ga mai juna biyu ko mai shayarwa. Maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram.

4.2 Yadda Jiki Ke Tsotsarsa

Ruwan teku kansa ba shi da aidin mai yawa, kimanin maikirogiram 60 ne a lita guda. Amma wasu ire-iren dangin kombu sukan tara shi a jikinsu ninki dubbai, har zuwa ninki 30,000. Bambancin da ke tsakanin ire-iren kuwa mai girma ne. Wani awo da aka buga a Amurka a 2004 ya sami maikirogiram 16 a giram ɗaya na nori, ya kuma sami sama da 8,000 a giram ɗaya na wani garin dangin kombu. Jadawalin Jafan ya ba busasshiyar kombu kimanin 2,000 a giram ɗaya, watau giram guda ya ninka bukatar yini sau 13.

Da yawa daga wannan aidin yana cikin siffar gishiri mai saurin narkewa, kuma irin wannan siffa hanji kan tsotsi sama da kashi 90 cikin 100 nata. Wani ɓangaren kuma yana ɗaure da furotin da sauran sinadaran ganyen, shi ne ke yin nawa. Da yake mafi yawan aidin da ya shiga jini ta fitsari yake fita, auna fitsari kan nuna abin da aka tsotsa. Wani bincike da aka buga a 2002, wanda aka yi a Marsai ta Faransa da Burasals ta Beljiyam, ya sami tsakanin kimanin kashi 60 zuwa kusan 100, gwargwadon irin ciyawar da kuma mutanen da aka gwada. Wani kuma da aka yi a Jami'ar Glasgow aka buga a 2014 ya gwada wata ciyawar gaɓar Sikotilan a kan mata masu ƙarancin aidin. Kashi 33 ne ya fita a fitsari, alhali da aka ba su tsantsar gishirin aidin kashi 59 ya fita. Duk da haka, bayan mako biyu suna shan ƙwayar, aidin jikinsu ya ƙaru a fili.

Abin lura a nan shi ne, ko da an ɗauki adadi mafi ƙanƙanta, watau sulusi, giram ɗaya na kombu zai ba jiki abin da ya ninka bukatarsa sau huɗu.

4.3 Illar Wuce Kima

Zuma da zaƙi, amma da harbi. A 1948 Jan Wolff da Israel Chaikoff, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya, sun nuna cewa idan aidin ya yi yawa a jini, tayirod kan dakatar da aikinsa na ɗan lokaci domin kare kansa. A jikin mai lafiya yakan koma aiki bayan 'yan kwanaki. Amma ga jarirai, da tsofaffi, da masu ciwon tayirod tun asali, wani lokaci ba ya komawa, sai aikinsa ya yi rauni. A wasu kuma akasin haka ke faruwa, ya riƙa aiki fiye da kima, zuciya ta yi ta bugawa, jiki ya rame.

Saboda haka hukumomi suka sanya iyaka. A Tarayyar Turai maikirogiram 600 ne a rana ga baligi, a Amurka 1,100, a Jafan kuwa 3,000, domin an ƙiyasta cewa Bajafane kan ci tsakanin 1,000 zuwa 3,000 a kullum, kuma galibinsu ba sa samun matsala. Sai dai ko a can ba a tsira baki ɗaya ba. A 1965 likitocin Jafan sun ba da rahoton maƙoƙo a ƙauyukan masu sana'ar kombu na gaɓar tsibirin Hokkaido, wanda yawan aidin ne ya haddasa shi. Ke nan rashi da yawa duk suna iya kumbura wuya. A Koriya, al'ada ce mai jego ta riƙa shan miyar miyok na tsawon makonni, kuma an auna an ga aidin nononta kan hau ƙwarai a wannan lokaci. A Ostareliya ma, cikin Disamba 2009, an janye wata madarar waken suya daga kasuwa bayan an gano cewa kombun da aka saka mata ya jawo wa manya da jarirai ciwon tayirod.

5.0 Ƙarfe da Kalsiyam

5.1 Abin da Ke Riƙe Su

Labarin ƙarfe da kalsiyam ya saɓa da na aidin. Ciyawar teku mai launin ƙasa-ƙasa tana da wani yauƙi, mai kama da na kuɓewa, wanda ake kira aljinet. Shi ke ba ta laushi da juriya ga igiyar ruwa. Ɗabi'ar wannan yauƙi ita ce ya cafke kalsiyam da makamantansa ya riƙe tamau, ruwan cikin ɗan Adam kuwa ba shi da sinadarin da zai narkar da shi. Ƙarfin wannan riƙo ya fito fili a shekarun 1960, lokacin da ake fargabar ƙurar gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya. Masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun nuna cewa aljinet na rage shigar sitironshiyam mai guba daga hanjin ɓeraye zuwa jini, domin yana kama shi ya fice da shi ta bayan gida. Sitironshiyam kuwa ɗan'uwan kalsiyam ne a wajen masana sinadarai.

Bugu da ƙari, wannan rukuni na ciyawar teku yana da sinadarai masu bauri, dangin waɗanda ke cikin ganyen shayi da bagaruwar majema. An daɗe da sanin cewa irin waɗannan sinadarai suna ɗaure ƙarfe su hana hanji tsotsarsa. Ta wani ɓangaren kuwa tana da falala guda, domin ba ta da fayitet mai yawa, watau sinadarin dusar hatsi da wake wanda shi ma ke tare ƙarfe.

5.2 Ɗan Lissafi

Ƙarfen da ke cikin abinci iri biyu ne. Akwai na jini da tsoka, wanda ake samu a nama da hanta da kifi, hanji kan tsotsi kashi 15 zuwa 35 nasa. Akwai kuma na tsirrai, wanda ake tsotsar kashi 2 zuwa 20 kawai, gwargwadon abin da aka haɗa shi da shi da kuma bukatar jikin mai ci. Na ciyawar teku yana cikin kashi na biyu.

Alal misali, gasasshiyar nori tana da ƙarfe kimanin miligiram 11 a giram 100, adadin da ya fi na jan nama nesa. Amma falle ɗaya na giram 3 sulusin miligiram kawai ke gare shi. Idan hanji ya tsotsi kashi 10 cikin 100, abin da ya isa jini kimanin kashi 3 cikin 100 na miligiram ne kawai, alhali namiji baligi yana bukatar kimanin miligiram 1 ya shiga jininsa kowace rana, mace mai al'ada kuma fiye da haka. Haka ma kalsiyam. Busasshiyar hijiki tana da kimanin miligiram 1,000 a giram 100, amma giram 5 da ake ci a zama ɗaya miligiram 50 ne, tun ma kafin aljinet ya riƙe nasa rabon. Kofin madara guda ya ninka wannan sau biyar ko fiye.

5.3 Darasin Tukunya

Hijiki ta daɗe ana kiranta sarauniyar ƙarfe a Jafan, domin tsohon jadawalin ƙasar ya ba ta miligiram 55 a giram 100. Da aka sake awo aka fitar da sabon bugu a 2015, sai aka raba ta gida biyu. Wadda aka dafa a tukunyar baƙin ƙarfe kafin a shanya ta, an same ta da miligiram 58.2. Wadda aka dafa a tukunyar farin ƙarfe marar tsatsa, irin wadda masana'antu suka koma amfani da ita, miligiram 6.2 kacal ke gare ta. Ashe kusan kashi tara cikin goma na ƙarfen daga tukunya yake fitowa. Shekara da shekaru ana yaba wa ganye da kyautar da ba tasa ba.

6.0 Baƙon da Ba a Gayyata Ba

Halittar da ke zuƙar duk abin da ke cikin ruwa ba ta zaɓe. Tare da aidin, ciyawar teku kan tara asanik, da ɗan kadmiyam, da gishiri mai yawa. Mafi yawan asanik ɗin da ke cikin nori da kombu da wakame yana ɗaure da sinadaran sukari, jiki kan tsotse shi ya sarrafa ya fitar ta fitsari, kuma ana ɗaukarsa bai kai ɗaya nau'in guba ba. Hijiki ce ta fita daban, domin da yawa daga nata tsuran asanik ne, wanda aka tabbatar yana jawo ciwon daji idan an daɗe ana ci, kuma hanji na tsotsarsa a sauƙaƙe. Saboda haka hukumar binciken abinci ta Kanada ta shawarci jama'a a 2001 da su guji hijiki, ta Birtaniya ma ta bi sahu a 2004. Hukumomin Jafan ba su hana ci ba, sun dai ja kunne a kan a ci kaɗan, a kuma jiƙa ta, a tafasa, a zubar da ruwan, domin hakan na fitar da mafi yawan gubar.

7.0 Tasirin Girki da Sabo

Girki na sauya lissafin duka. Da yake aidin mai narkewa ne, tafasa kombu na minti 15 kan fitar da kusan dukkansa cikin ruwa. Wanda ya zubar da ruwan ya rage haɗari, wanda kuma ya sha romon, kamar yadda Jafanawa ke yi da romon da suke kira dashi, ya sha aidin ɗin ko da bai tauna ganyen ba. Game da ƙarfe kuwa, haɗa abincin da lemun tsami ko tumatir ko wani abu mai bitamin C na ƙara tsotsarsa, haka ma ɗan nama ko kifi. Shan shayi a kan abinci kuma na rage shi.

Sabo ma yana da nasa tasiri. A 2010 wasu masana a Faransa sun gano cewa wata ƙwayar halitta da ke zaune a hanjin wasu Jafanawa tana iya narkar da bangon nori, baiwar da ta aro daga ƙwayoyin halittar teku. Ba a sami irinta a hanjin Amurkawan da aka gwada a wancan bincike ba. Sai dai wannan narkewa a babban hanji take faruwa, alhali ƙarfe a farkon ƙaramin hanji ake tsotsarsa. Abin da ya saku a can ƙasa ya riga ya wuce babbar ƙofarsa.

8.0 Abin Lura ga Ƙasar Hausa

Ƙasar Hausa tana nesa da teku, ciyawar teku kuma ba ta cikin abincin da aka gada. Amma zancen aidin ya shafe ta, domin maƙoƙo sananne ne a yankunan da ƙasar nomansu ba ta da wannan sinadari. Hanyar da Nijeriya ta bi ita ce tilasta saka aidin cikin gishirin ci tun daga 1993. Fifikon wannan hanya shi ne adadin sananne ne, an kuma raba shi kaɗan-kaɗan a kowace tukunya. Garin ciyawar teku ko ƙwayarta kuwa, wanda ake shigowa da shi daga waje, adadin aidinsa na iya bambanta ninki ɗari daga wannan iri zuwa wancan. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da duk mai kumburin wuya, bai kamata su sha shi ba sai da shawarar likita.

Ya kuma dace a bambance ciyawar teku da dihe, watau koriyar gansakukar da matan Kanembu ke tacewa daga tafkunan kanwa na yankin Tafkin Cadi su shanya ta domin miya. Dihe tana da furotin da ƙarfe, amma ba a teku take tsira ba, don haka ba a dogara da ita wajen aidin.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta nuna cewa yawan ma'adini a jadawali ba ya nuna abin da jiki zai samu. Aidin ciyawar teku yana shiga jini daga sulusi zuwa kusan dukkansa, kuma yawansa a dangin kombu ya sa 'yar ƙanƙanuwar loma kan wuce iyaka. Ƙarfe da kalsiyam kuwa abubuwa biyu ne ke rage su: ƙanƙantar abin da ake ci, da yauƙi da baurin da ke riƙe su a hanji. Hijiki tana ɗauke da asanik da ya sa wasu ƙasashe suka yi gargaɗi a kanta. Wanda ke neman maganin ƙarancin jini, hanta da nama da wake da ganyen miya sun fi masa kusa, sun kuma fi araha. Wanda ke neman aidin, gishirin da aka inganta ya ishe shi. Wanda kuma ya sami ciyawar teku a gabansa, abin da ya kamata ya fara tambaya shi ne wane iri ce, nawa zai ci, kuma yaya aka dafa ta.